Ƙayar Messina: Yadda Aka Gano Cewa Mugunya Gawar Mayaƙa Ce



Duk wanda ya taɓa faskare, ko ya shiga gona ba takalmi, ya san halin sartse. Ranar farko ɗan zafi ne kawai. Washegari wurin ya yi ja, ya ɗau ɗumi, ya fara zogi. Bayan kwana uku ko huɗu sai ya nuna, ya tara mugunya, a matse, sartsen ya biyo ta ya fito. Mu dai a wurinmu mugunya ƙazanta ce. Likitocin Turai ma sun daɗe suna kai-kawo a kanta, kuma lokacin da aka gano ƙwayoyin bakteriya a ƙarni na 19, galibinsu sun tsaya a kan cewa ja da kumburi da mugunya ɓarna ce da cuta ke yi wa jiki, shi kuwa jikin yana kwance ana yi masa. Mutumin da ya tsaya kai da fata ya ce a'a, jikin ne da kansa ya tashi faɗa, ko likita bai zama ba. Masanin dabbobi ne, kuma a jikin wata 'yar halittar teku ya ga abin.

Sunansa Iliya Mechnikov. An haife shi a 1845 a wani ƙauye na yankin Kharkov, cikin ƙasar da yau ake kira Yukren, a lokacin tana ƙarƙashin daular Rasha. Karatun jami'a na shekara huɗu a shekara biyu ya gama shi. Abin da ya ɗauke masa hankali shi ne ƙananan halittun ruwa da na damshi: yadda suke girma daga ƙwai, da yadda suke cin abinci. Tun a 1865 ya lura cewa a jikin wata irin tsutsa mai faɗi, ƙwayoyin halittar jikinta ne da kansu suke rungumar abinci, su haɗiye shi, su narkar da shi a cikinsu. Ku riƙe wannan, domin a kansa sauran labarin ya ginu.

Mutum ne mai zafin rai da saurin karaya, kuma cuta ta bi gidansa. Matarsa ta farko, Ludmila, tarin fuka ya riga ya ci ƙarfinta tun kafin aure, har sai da aka ɗauko ta a kan kujera zuwa wurin ɗaurin auren. Ta rasu a 1873, shi kuma ya yi yunƙurin kashe kansa bai yi nasara ba. Ya auri Olga a 1875, ita ma zazzaɓin taifod ya kusa tafiya da ita a 1880. Sai kuma siyasa ta shigo: bayan kashe Sarkin Rasha Alexander na Biyu a 1881, gwamnati ta matsa wa jami'o'i lamba, Mechnikov ya ajiye aikinsa a Jami'ar Odessa a 1882, ya kwashi iyalinsa suka koma Messina, wani gari a bakin teku a tsibirin Sisili na Italiya. A falon gidan da suka kama haya ya ajiye madubin duba ƙananan halittu ya ci gaba da aiki.

Abin da yake dubawa shi ne jariran tauraron teku, wata halitta mai hannaye biyar da ke rarrafe a ƙasan ruwa. Jariranta garau suke kamar gilashi, kana iya kallon abin da ke gudana a cikinsu suna raye. A cikin jikin nasu akwai wasu ƙwayoyin halitta da ba sa zama wuri ɗaya, yawo suke yi. Wata rana, a ƙarshen 1882, iyalin gidan suka tafi kallon wasan birai suka bar shi shi kaɗai. Yana cikin kallon waɗannan mayawata sai tunani ya zo masa: to idan ba abinci kaɗai suke haɗiya ba fa? Idan su ne masu tare baƙon da ya kutso? In haka ne, ashe in aka soka wa wannan halitta ƙaya, ya kamata su taru a kanta kamar yadda mugunya ke taruwa a kan sartse a yatsan mutum, duk da cewa ita ba ta da jini ba ta da jijiya. Ya fita lambun gidan ya tsinko ƙayoyin itacen wardi, ya soka su ƙarƙashin fatar jariran, ya kwana bai runtsa ba. Da asuba ya duba, ya tarar da mayawatan sun yi wa ƙayar rubdugu.

Wannan labarin daga bakinsa ya fito, shekaru da yawa bayan faruwar abin, kuma masu bin tarihin kimiyya sun nuna cewa tunanin ya daɗe yana dahuwa a kansa kafin wannan dare. Ba abin mamaki ba ne. Kowa in zai ba da labarin nasararsa yakan gyara mata zama. Amma ƙayar gaskiya ce, kuma kowa zai iya maimaita gwajin.

Me ya sa abin ya zama sabo? Ai tun 1867 wani Bajamushe, Julius Cohnheim, ya kalli jijiyoyin jinin kwaɗo ya ga fararen ƙwayoyin jini suna ratsa bangon jijiya suna fita zuwa inda aka ji ciwo. Kuma likitoci sun sha ganin bakteriya a cikin waɗannan fararen ƙwayoyi. Fassarar da suka yi wa abin ce ta bambanta. A ganinsu jijiyar ce ta lalace take yoyo, bakteriyar kuma ita ce ta shige cikin farar ƙwayar ta mayar da ita abin hawa, tana yawo da ita tana baza cuta. Hoto ɗaya ne kowa ya gani. Likitoci sun zo masa daga ɗakin gawa, suka ga ɓarna. Mechnikov ya zo masa daga nazarin cin abinci, ya ga mai ci da abin da ake ci.

Wani masanin dabbobi a Biyana, Carl Claus, shi ya taimaka masa da suna daga harshen Girka: fagosait, wato ƙwayar halitta mai ci. Ni a nan zan riƙa kiransu maciya. Mechnikov ya raba su biyu, babban maciyi da ƙaramin maciyi. Babban shi ne wanda har yau ake kira makurofaj, yana zaune daram a cikin hanta da huhu da saifa da fata, yana iya yin watanni. Ƙaramin shi ne niyutirofil, wanda ɓargon mutum ke ƙera kusan biliyan 100 nasa kowace rana, ya yi gajeren rai, ya mutu. Mafi yawan abin da kuke matsowa daga maruru gawarwakinsa ne.

Ƙaya dai ba cuta ba ce, shi ma ya san haka. A 1884 ya samo hujjar da ta fi ƙarfi a jikin ƙumar ruwa, wata 'yar mitsitsiyar halitta da ita ma ake hango cikinta. Akwai wani irin yis da ke kama ta, iransa masu tsini kamar allura. In ta haɗiye su sai su huda hanjinta su shiga jiki. Mechnikov ya zauna yana kallo. Inda maciya suka yi sauri suka lulluɓe allurar, sai su narkar da ita, ƙumar ta rayu. Inda allurai suka yi yawa, ko wasu suka kuɓuce, sai su tsiro su cika jikin, ƙumar ta mutu. Karo na farko ke nan da wani ya ga ciwo da warkewa da mutuwa suna faruwa a gaban idonsa, ƙwaya da ƙwaya.

Daga nan rigima ta tashi, kuma ta ɗauki kusan shekara ashirin. A 1887 ya je Balin ya nuna wa Robert Koch abin da ya gani. Koch shi ne wanda a watan Maris na 1882 ya bayyana wa duniya ƙwayar tarin fuka, ba a ja da shi a Jamus. Ya karɓe shi a wulaƙance. A Faris kuwa Louis Pasteur ya tarbe shi hannu bibbiyu, ya ba shi ɗakin bincike a sabuwar cibiyarsa a 1888, kuma a can ya zauna har mutuwarsa. Kada mu manta Faransa ta sha kashi a hannun Jamusawa a yaƙin 1870 zuwa 1871, ta rasa yankin Alsas da wani ɓangare na Loren, har Pasteur ya mayar wa Jami'ar Bon digirin girmamawar da ta ba shi. Saboda haka gardamar ta kimiyya ce, amma akwai tsohuwar gaba a ƙarƙashinta.

Kuma Jamusawan ba da hannu wofi suka zo ba. Wasu suka ce maciyan nan 'yan kwasar shara ne kawai, gawar bakteriyar da wani abu ya riga ya kashe suke ɗauka. Mechnikov ya amsa da gwaji: ya ware maciyi ɗaya da ya haɗiye ƙwayar antaraks, cutar da makiyaya ke kira ciwon saifa, ya sa shi a romon rainon ƙwayoyi, ƙwayar ta tsiro daga cikinsa. Ashe da ranta aka haɗiye ta. Sai suka ɓullo ta wata hanya. A 1888 George Nuttall ya nuna cewa jini yana kashe bakteriya a kwalba ba tare da an ga maciya sun haɗiye su ba, Hans Buchner kuma ya tabbatar cewa ruwan jini tsantsa, wanda aka tace duk wata ƙwayar halitta daga cikinsa, yana yin wannan aiki. Babban naushin ya zo a 1890. Emil Behring da wani Bajapane, Shibasaburo Kitasato, suka nuna cewa dabbar da aka saba wa jikinta da dafin tetanus ko na mashaƙo, ruwan jininta yana ɗauke da wani abu da ke karya dafin, kuma in aka ɗura wa wata dabbar sai ita ma ta tsira. Abin da muke kira antibodi ke nan. Cikin 'yan shekaru aka fara ceto yara daga mashaƙo da ruwan jinin doki. Lokacin da aka fara ba da kyautar Nobel ta fannin likitanci a 1901, Behring aka ba.

Ku duba matsayin Mechnikov a nan. Abokan gabarsa suna da magani a kwalba, iyaye suna gani 'ya'yansu na tashi. Shi kuwa me yake da shi? Ƙumar ruwa da labarin ƙaya. Matarsa Olga ta rubuta daga baya yadda wannan jayayya ta hana shi barci. Bai bar ko takarda ɗaya ta suka ta wuce ba tare da ya mayar da martani da sabon gwaji ba, wani lokaci ma ya wuce gona da iri, yana neman ya mayar da kowace irin kariya ta jiki aikin maciyansa.

Abin dariyar shi ne daga ɗakin bincikensa aka warware wa abokan gabar tasa wani ƙulli. Wani saurayi ɗan Beljiyam mai shekara 25, Jules Bordet, ya nuna a 1895 cewa abubuwa biyu ne ke haɗuwa a ruwan jini su fasa bakteriya. Ɗaya antibodi ne, wanda ba ya samuwa sai jiki ya taɓa haɗuwa da cutar, kuma ita kaɗai ya sani. Ɗayan kuwa yana cikin jinin kowa tun asali, ba ya zaɓen abokin gaba, kuma ɗumama jinin zuwa digiri 56 yana lalata shi. Paul Ehrlich ya raɗa masa suna kwamfiliman, wato mai cikasa aiki. Yau mun san tarin sunadarai ne fiye da talatin da ke tayar da juna ɗaya bayan ɗaya, ƙarshensu su huda rami a bangon bakteriya. Sai a 1903 wasu likitoci biyu a Landan, Almroth Wright da Stewart Douglas, suka gano cewa ruwan jini yana shafe jikin bakteriya da wani abu da ke sa maciyi ya kama ta da sauri. Sunan da suka ba abin daga kalmar Girka ta shirya abinci ya fito. Kamar dai a ce tuwo ba ya haɗiyuwa sai da miya: ruwan jini ne ke zuba miyar, maciyi ya yi loma. A 1908 aka raba Nobel tsakanin Mechnikov da Ehrlich, kowane ɓangare aka ba shi rabinsa.

Shekarunsa na ƙarshe ya ƙarar da su ne a kan tsufa. Ya yi imani cewa bakteriyar hanji ce ke tsofar da mutum, kuma maganinta madara mai tsami, dangin kindirmonmu, wadda ya riƙa sha kullum har ta zama abin yayi a Turai. Bai hana shi rasuwa da ciwon zuciya a 1916 yana da shekara 71 ba. An ƙona gawarsa bisa wasiyyarsa, tokar tana ajiye a ɗakin karatu na Cibiyar Pasteur.

A takarda an yi sulhu, amma a aikace antibodi ne ya ci kasuwa har fiye da rabin ƙarni. A ganina dalilin ba boyayye ba ne. Antibodi ana auna shi, ana zuba shi a kwalba, ana sayar da shi, kuma yana da abin burgewa: yana tuna cutar da ya taɓa gani. Wannan ita ce garkuwar koyo, wadda rigakafi ya dogara da ita. Garkuwar gado kuwa, wadda aka haifi mutum da ita, maciya da kwamfiliman da majina da hawaye, sai aka ɗauke ta kamar tsohon maigadi mai gora, wanda ke dukan duk abin da ya motsa har 'yan sanda su iso. Ko Alexander Fleming, wanda a 1922 ya ba da rahoton wani sinadari a majina da hawaye mai narkar da bangon wasu bakteriya, ba da wannan duniya ta san shi ba, da fenisilin ta san shi.

Marasa lafiya ne suka fara tuna wa likitoci darajar maigadin. A shekarun 1950 aka bayyana wata cutar gado a Amurka: yara masu antibodi isasshe, amma maruru da ciwon huhu ba sa barinsu har su mutu. Daga baya aka gano maciyansu suna haɗiye bakteriya lafiya lau, kashewa ce ba sa iyawa. A lafiyayyen mutum, da zarar niyutirofil ya rufe bakteriya a cikin 'yar jaka, sai ya antaya mata guba, ciki har da sinadari irin na bilicin wanke fararen kaya. Su waɗannan yara injin haɗa gubar ne ya zo da tangarɗa. Haka kuma da aka fara ba masu ciwon daji magungunan da ke durƙusar da ɓargo, aka ga cewa in niyutirofil ya yi ƙasa sosai, bakteriyar da ba ta isa komai ba tana iya kashe mutum cikin kwana ɗaya ko biyu.

Saura tambayar da Mechnikov bai iya amsawa ba: maciyi ba shi da ido, yaya yake gane baƙo? A 1989 wani malami a Jami'ar Yale, Charles Janeway, ya tono wani abu da kowa a fannin ya sani amma ba a son faɗa. In ka ɗura wa dabba baƙon sunadari tsantsa, da ƙyar take yin antibodi. Sai an cakuɗa shi da matattun bakteriya ko wani abu mai tayar da kumburi. Janeway ya ce wannan na nufin garkuwar koyo ba ta motsawa sai ta gado ta ba ta izini, kuma lalle maciya suna da wasu na'urorin shinshina a jikinsu masu gane alamomin da bakteriya ke ɗauke da su, waɗanda jikin mutum ba shi da su. Hasashe ne, bai da hujja a hannu. Wani ɗalibi ɗan Tashkent da ke karatu a Mosko, Ruslan Medzhitov, ya karanta takardar, ya rubuto masa, ƙarshe ya zo suka yi aiki tare.

Hujjar daga jikin ƙuda ta fito. Akwai wata ƙwayar gado a ƙudan 'ya'yan itace da masu bincike a Jamus suka raɗa wa suna Toll, kalmar Jamusanci ta mamaki, wadda aka sani da aikin bambance baya da ciki lokacin da ƙudan yake ƙwai. A 1996, a ɗakin binciken Jules Hoffmann a Strasbourg (babban birnin Alsas ɗin nan da aka yi yaƙi a kansa), Bruno Lemaitre ya nuna cewa ƙudan da Toll ɗinsa ya lalace, in aka sa masa fumfuna sai ta lulluɓe shi ya mutu cikin 'yan kwanaki. A 1997 Medzhitov da Janeway suka nuna mutum ma yana da irinta. A 1998 Bruce Beutler a Dallas ya rufe zancen da ɓeraye. Tun 1892 Richard Pfeiffer, almajirin Koch, ya bayyana wani dafi da ke manne a bangon wasu bakteriya, wanda ko bayan an kashe su yana jawo zazzaɓi da faɗuwar jini. Akwai wani jinsin ɓeran gwaji da wannan dafi ba ya yi wa komai. Beutler da mutanensa suka shafe shekara biyar suna neman dalili, suka tarar ɓerayen na'urar shinshinarsu guda, wadda ake kira TLR4, ita ce ta lalace. Kuma ga abin lura: waɗannan ɓeraye da dafin ba ya kashewa, in aka sa musu bakteriyar da ranta sun fi sauran saurin mutuwa, domin jikinsu ba ya jin shigowarta. Mutum yana da irin waɗannan na'urori guda 10. Wata tana jin bango, wata tana jin wutsiyar da bakteriya ke iyo da ita. A 2011 aka ba Hoffmann da Beutler rabin Nobel. Janeway ya riga ya rasu tun 2003, Lemaitre kuwa ya fito fili ya ce an danne masa haƙƙi.

To, ita bakteriyar fa, zaune take? Ta riga mu zuwa duniya da shekaru biliyoyi, kuma waɗanda ke iya sa mu ciwo su ne 'yan ƙalilan da suka samo wa maigadin lago. Ƙwayar tarin fuka, wadda ta kashe Ludmila, ba ta gudun babban maciyi. Barinsa take ya haɗiye ta, sannan ta hana jakar da take ciki haɗuwa da jakar guba, ta mayar da cikinsa ɗakin kwana. Sai a 1971 wasu masu bincike biyu a Landan suka nuna haka. Ta taifod, wadda ta kwantar da Olga, ita ma a cikin maciya take ɓuya, su kai ta hanta da saifa. Kun ga ke nan tsofaffin likitocin da suka ce farar ƙwaya abin hawan cuta ce ba su yi ƙarya gaba ɗaya ba. Ƙwayar annobar da ta share kusan sulusin mutanen Turai a ƙarni na 14, da zarar ta bar jikin ƙuma ta ji ɗumin jikin mutum, sai ta sauya ƙirar dafin bangonta yadda TLR4 ba zai ji shi sosai ba. Wasu kuma riga suke sawa, wani lulluɓi mai santsi na sukari, maciyi ya kai hannu ya zame. Saifa ce gwanar tace masu rigar nan daga jini, shi ya sa yaro mai sikila, wanda saifarsa ke lalacewa tun yana ƙarami, likitoci ke ɗora shi a kan fenisilin na kullum da allurai na musamman.

Cikin masu rigar nan akwai wadda mu muka fi kowa sani, ta sanƙarau. Kusan mutum ɗaya cikin goma yana ɗauke da ita a maƙogwaro bai sani ba, majina da fatar cikin hanci sun tsare ta. A yankin da ya taso daga Senegal zuwa Habasha, wanda wani likitan sojan Faransa, Léon Lapeyssonnie, ya shata a 1963, annobarta tana tashi ne da rani, lokacin da ƙura da bushewar iska suka gajiyar da wannan shinge, ta kuma lafa da saukar damina. In ta tsallaka cikin jini, rigarta tana kare ta daga maciya. Tana kuma da wata dabara: jikinmu yana da wani sunadari da ke gaya wa kwamfiliman cewa wannan ɗan gida ne, kada a taɓa, sai ta fizgo shi ta manna a jikinta. Ta hayayyafa, tana zubar da ɓarɓashin bangonta mai ɗauke da dafin Pfeiffer.

Nan ne labarin Mechnikov yake juyewa. Ƙararrawar da ke tara maciya a kan sartse a yatsa ɗaya, yanzu ta kaɗa a duk jiki lokaci guda. Jijiyoyi su saki, jini ya faɗi, ya riƙa daskarewa a ƙananan hanyoyi, fata ta yi tabo baƙi. A cikin kai kuma niyutirofil su cika ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa har ya yi kauri da mugunya, ga ƙoƙon kai ba ya buɗewa ya ba kumburi wuri. Sanƙarewar wuya da kurmancewar da ke biyo baya, kaso mai yawa nasu aikin garkuwar mutum ne da kanta. Shekarar da aka buga hoton ƙudan Lemaitre, 1996, ita ce shekarar da sanƙarau ya kama mutum fiye da 100,000 a Najeriya, ya kashe fiye da 11,000, mafi yawansu a Arewa. Nijar da Burkina Faso ma sun ɗanɗana a waɗannan shekaru. Da yawa a cikinmu akwai wanda muka sani da ya tafi, ko ya tashi ba ya ji.

Allurar MenAfriVac, wadda aka fara yi a Burkina Faso da Mali da Nijar a ƙarshen 2010, ta iso Najeriya a 2011, aikin ɓangarorin nan biyu da suka yi shekara ashirin suna faɗa ne a haɗe. An ɗauko sukarin rigar nau'in A, aka ɗaura shi a jikin dafin tetanus da aka kashe wa kaifi, don jiki ya kula da shi ya yi masa antibodi mai ɗorewa. Antibodin ba ya kashe ƙwayar da kansa. Mannewa yake a kan rigar, santsin ya tafi, kwamfiliman ya huda, maciya su kwashe. Nau'in A ya kusa ɓacewa daga yankin. Sai nau'in C, mai wata rigar daban da antibodin bai sani ba, ya ɓarke a Nijar a 2015, ya kuma ɓarke a Zamfara da Sakkwato a 2017. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allura mai ɗauke da riguna biyar a haɗe, A da C da W da Y da X.